Loma a Kuncin Hafsatu

Zuliha ta haifi 'ya'ya huɗu. Uku na farko ba ta san yadda aka yi suka koyi cin abinci ba. An yaye su, an ajiye musu kwano, sun ci sun lashe hannu. Ta huɗun, Hafsatu, ita ce ta nuna mata cewa haɗiya ma aiki ce.

A Wara suke zaune, unguwar masunta, inda ake jin ƙarar injin jirage daga bakin tafki tun ana alwalar asuba. Mijinta Ɗangana masunci ne mai jirgi ɗaya, mutum marar yawan magana. Ita kuma tana da murhun banda uku a bayan gida, tana busar da tarwaɗa da karfasa tana kaiwa kasuwa. Gida ne da ko tufafin da aka wanke aka shanya ƙamshin kifi suke yi. A cikin wannan gida aka sami yarinyar da ba ta cin kifi.

Da kifin ne kaɗai, da da sauƙi. Hafsatu tana da shekara shida, siririya kamar sillen kara, ga wayo, ga wasa, amma da an ajiye kwano sai ta zama wata daban. Za ta gutsuri tuwo kamar ƙwayar gyaɗa, ta sa a baki, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, harshe yana ta lalube kamar mai neman allura a cikin rairayi. Daga nan sai ta tura shi cikin kunci ta ajiye. Wata rana Zuliha ta ba ta ɗumame da hantsi, da la'asar tana yi mata kitso ta ga kuncin hagu a kumbure. Ta zaci haƙori ne ya rube. Da ta sa yatsa, ɗumamen safe ta zaƙulo.

Kunu idan da gudaji ɗaya a ciki, za ta tsayar da shan ta fito da shi. Shinkafa idan ɓuntu ɗaya ya tsere wa mai tsinta, ba zai tsere wa Hafsatu ba. Ko ruwa za ta haɗiye sai ta matse leɓe, haɓarta ta yamutse, ƙarshen harshe ya leƙo ta tsakanin haƙora. Haƙoran gaban ma na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, akwai wata 'yar taga a tsakaninsu, shi ya sa ba ta iya gatsar rake sai ta kai shi gefen baki. Ga tsamin baki da ya ƙi sakinta, sa'o'inta duk sun daina ita tana nan.

Babu abin da Zuliha ba ta gwada ba. Ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta yi alkawarin alewa, ta karyo tsumagiya. An karɓo rubutu wurin malamin unguwa, Hafsatu ta shanye shi tas tunda ruwa ne, washegari ta ajiye lomarta a kunci kamar kullum. Wata rana Zuliha ta zauna ta ɓare busasshiyar tarwaɗa, ta daka ta lilis, ta tankaɗe da rariya sau biyu, ta zuba garin a miyar kuka ba tare da kowa ya gani ba. Ta koma gefe tana ɗauraye tukunya, tana satar kallo. Hafsatu ta kai loma ta farko, ta tsaya cak. Ta sa yatsu biyu ta ɗauko wani abu a kan harshenta ta shafa a bakin kwano. Sai da Zuliha ta ɗaga kwanon ta juya shi wajen hasken rana kafin ta ga abin: guntun ƙaya ne wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Ta ajiye kwanon a hankali, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, don ta san idan ta tsaya a wurin za ta yi abin da za ta yi nadama.

Uwar mijinta, Inna Fatsuma, tana ɗakin da ke kallon nata. Tsohuwa ce mai ƙarfi, haƙora biyar suka rage mata, amma babu abin da ba ta ci. A ganinta maganar ba ta da wuya, sangarta ce, kuma kowa ya san wanda ya sangarta yarinyar. Idan ba sangarta ba ce, to linzami ne a ƙarƙashin harshe, ko kuwa beli ne ya sake tsirowa ya tare hanya. Kullum aka zauna cin abinci sai ta faɗi ɗaya daga cikin ukun, wani lokaci duka ukun a jere. Ta matsa wa ɗanta har sai da ya aika aka kira Mati wanzami.

Mati ya zo ranar wata Juma'a da safe da zabirarsa. Ya zauna a kan turmi, ya sa aka riƙe masa yarinyar, ya juya ta wajen haske. Ya leƙa maƙogwaro ya daɗe, ya ce beli dai shi da hannunsa ya cire shi tana da kwana bakwai, kuma bai ga ya dawo ba. Ya ce ta ɗaga harshe. Hafsatu ta ɗaga shi har ya kusa taɓa hancinta. Mati ya mayar da askarsa cikin kube.

“Inna, ni abin da ya yi yawa nike ragewa,” in ji shi. “Nan ban ga abin ragewa ba.”

Inna Fatsuma ta ce ya dai ɗan tsaga ko kaɗan ne, jini ya fita. Ya ƙi. Ya sha furar da aka kawo masa ya tafi, ya bar ta tana faɗin cewa wanzaman yanzu ba su gaji iyayensu ba.

Abin da ya kai Zuliha bango a kasuwa ya faru. Ta tafi da Hafsatu ranar, ta zaunar da ita kusa da kwandunan kifi. Wata mata da take sayen kifi a wurinta duk mako ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta tambaya ko marainiya ce aka ba ta riƙo. Da Zuliha ta ce ɗiyarta ce ta cikinta, matar ta kama baki, ta ce ai ta ga mai kifi ce, ba ta zaci a gidanta za a sami yaro da ƙasusuwan wuya a waje ba. Ba da mugunta ta faɗa ba, har ta ba yarinyar ƙosai. Hafsatu ta karɓa ta yi godiya, ta riƙe shi a hannu har suka dawo gida.

Zuliha ba ta ko kwance ɗaurin kayanta da kyau ba ta dama kunu mai kauri. Ta jawo yarinyar, ta kwantar da ita a kan cinyarta, ta matse ƙafafunta da nata, ta toshe mata hanci, ta tara hannu a bakinta ta fara zuba kunun, irin ɗurar da ake yi wa jarirai. Hafsatu ta haɗiye sau ɗaya, sau biyu, tana shure-shure. A na uku kukan ya ɗauke. Idanunta suka firfito, bakinta a buɗe amma babu sauti. Zuliha ta girgiza ta, ta kira sunanta, babu amsa. Ɗangana yana zaure yana ɗinkin komar kamun kifi, ihun matarsa ya shigo da shi da gudu. Ya fizge yarinyar, ya kifa ta a kan hannunsa kanta ƙasa, ya dinga bugun bayanta. Can sai kunu ya ɓarke ta baki da hanci, ta ja numfashi da wata ƙara kamar ana yaga ƙyalle.

Bai yi faɗa ba. Ya goge wa yarinyar fuska da bakin rigarsa, ya ce wa Zuliha ta shirya, ranar kasuwar Yelwa za ta kai ta asibiti. Kwana biyu Hafsatu tana tari, kuma duk lokacin da uwarta ta nufo ta da wani abu a hannu, ko da tsintsiya ce, sai ta gudu bayan rumbu.

Inna Fatsuma ta ce ba za a kai mata jika wurin masu allura ba tare da ita ba. Haka suka shiga jirgi mai inji su uku da sassafe, tsakanin buhunan shinkafa da kwandunan banda, tsohuwa tana ta ba masu jirgi shawarar yadda za su kauce wa kututture.

Shekara guda ke nan da ƙirƙiro jihar Kebbi. A allon ƙofar asibitin an shafe sunan tsohuwar jiha da farin fenti an rubuta sabuwa a kai, amma wanda ya ƙura ido zai iya karanta na ƙasan. Suka yanki kati, suka bi layi har rana ta take. Wanda ya fara duba su ya auna yarinyar, ya saurari ƙirjinta, ya ce babu abin da ya rage a huhu. Da ya ji sauran labarin sai ya tura su wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, wurin Sista Grace.

Sista Grace Bakambara ce, mutuniyar ƙasar Ngaski, mai jiki da murya ƙasa-ƙasa. Ta yi shekaru tana aiki a ɓangaren haƙori a Sakkwato, rabon ma'aikatan da aka yi bayan raba jiha ya dawo da ita gida. Ta bar Zuliha ta zazzage duk abin da ke cikinta, tun daga ɗumamen kunci har zuwa ɗura, ba ta katse ta ba. Inna Fatsuma ce ta katse ta sau huɗu. Sannan Sista ta haska bakin yarinyar da tocila, ta duba haƙora da ganɗa. Ta ba ta ruwa a kofi ta ce ta kurɓa ta riƙe, ta sa babban yatsa ta ja leɓen ƙasa, ta kira Zuliha ta matso kusa, sannan ta ce wa Hafsatu ta haɗiye. Harshen ya yo gaba ya cika tagar nan ta tsakanin haƙora, ruwa kaɗan ya tsarto.

Ta yi musu bayani a hankali. Ta ce kowane jariri haka yake haɗiya lokacin da yake shan nono, da harshe a gaba. Idan haƙora suka fito ya fara cin abinci mai tauri, harshen da kansa yake koyon hawa sama, ya dafe ganɗa a bayan haƙoran sama, ya tura loma baya. Na Hafsatu bai koya ba, har yanzu haɗiyar jarirai take yi. Ta ce mutum yana haɗiyar yawu ɗaruruwan lokuta a yini bai sani ba, kuma duk haɗiya ɗaya harshen nan yana tura haƙoran gaba, shi ya sa suka ƙi haɗuwa.

Daga nan ta jawo wasu 'yan gwangwanaye daga aljihun tebur. Ta rufe wa yarinyar ido da kallabin uwarta, ta ce wasa za su yi. Ta ɗora mata ƙwaya ɗaya a harshe. Hafsatu ta ɗan motsa baki ta ce gero. Aka sa wata, ta ce dawa. Aka sa ta uku, ta ce shinkafa ce amma karyayya ce. Sista ta ɗauki riɗi guda biyu da suka manne da juna ta ɗora mata. Yarinyar ta ce riɗi ne, kuma biyu ne.

Sista ta kwance kallabin tana murmushi. Ta ce bakin yarinyar nan yana jin abin da namu ba ya ji, abin da muke ɗauka laushi ne ita a wurinta da tsakuwa a ciki. Wannan halitta ce, ba laifin kowa ba ne. Amma ta ce akwai wani abu bayan wannan, domin yaran da ta gani masu ajiye abinci a kunci yawancinsu tsoron maƙogwaronsu suke ji. Ta tambayi Zuliha ko wani abu ya taɓa maƙale wa yarinyar tana ƙarama, kafin wannan ɗurar. Zuliha ta ce ko sau ɗaya. Sista ta sake tambaya, ko ƙashi, ko ƙwallon wani abu, ko kwabo. Zuliha ta ce ita ta raine ta, da ya faru da ta sani.

A lokacin ne suka lura ɗakin ya yi shiru. Inna Fatsuma, wadda tun shigowarsu bakinta bai huta ba, tana ta gyara bakin mayafinta tana kallon kalandar bango. Sista ta juya ta dube ta, ta jira.

“To, ƙaya dai ta taɓa tsaya mata sau guda,” in ji tsohuwar. “Ba wani abu ba ne.”

Labarin ya fito guntu-guntu. Lokacin da aka yaye Hafsatu, mahaifin Zuliha ya rasu a Shanga, ta tafi zaman makoki na kwana bakwai, ta bar yarinyar a ɗakin kakarta. Ana kwana na biyu Inna ta ba ta karfasa, ƙaya ta tsaya mata a wuya. Inna ta yi abin da aka saba yi, ta cura manyan lomomin tuwo ta tura mata ɗaya bayan ɗaya don su tafi da ƙayar. A loma ta uku ta wuce. Yarinyar ta tofar da yawu da jini, ta kwana biyu ba ta karɓar komai sai ruwa. Kafin Zuliha ta dawo ta warware, shi kuma Ɗangana yana can tsakiyar tafki wajen kamun kifi a kwanakin. Inna ta ga bai dace a tari mai makoki da irin wannan magana ba, daga baya kuma ta ga maganar ta wuce.

Zuliha ta kafe tsohuwar da ido. Sista ta ce ba za ta rantse cewa wannan ne kaɗai dalili ba, amma yaro yakan manta abin da ya faru, maƙogwaronsa bai manta ba.

Sai ta jero abin da za a yi. Babu ɗura, babu duka, babu taruwa a kanta ana kallo tana ci. A fara da abinci mai sulɓi, a riƙa ƙara kauri kaɗan-kaɗan. Idan ta gama a ba ta ruwa ta kuskure, a duba kunci. Kifi kuwa kada a sake ɓoye mata shi a miya, a ajiye mata a fili ta ɓare da hannunta, ko ba ta ci ba. Sannan safe da yamma a ɗora mata ƙwayar riɗi a ƙarshen harshe, ta ɗaga ta manne ta a ganɗa bayan haƙoran sama, ta haɗa turamen haƙoranta, ta bar leɓe a buɗe, ta haɗiye yawu ba tare da riɗin ya motsa ba. Sau goma kowane zama. Su dawo bayan wata biyu.

Inna Fatsuma ta jira ta ji an ambaci magani, ba ta ji ba. Ta tambaya ko allura ma ba za a yi ba. Sista ta ce babu allurar da ke koya wa harshe hanya. A baranda tsohuwar ta ce tun asuba suke tafe a kan ruwa don a ce su je su yi wasa da riɗi. Wannan karon, duk da abin da ke cin ranta, Zuliha ta ji rabin zuciyarta ta yarda da ita.

A jirgin komawa Hafsatu ta yi barci a jikin buhu. Da suka wuce rabin hanya, Zuliha tana kallon ruwa ta ce, da muryar da injin ya kusa danne ta:

“Inna, shekara huɗu ina dukan yarinyar nan.”

Tsohuwar ta dubi yarinyar da ke barci.

“Ni ma shekara huɗu ina jin kukan daga ɗakina,” ta ce. Ta ja numfashi, sai kuma ta ƙara da cewa ai duk Wara babu wanda ƙaya ba ta taɓa tsaya masa ba, ita kanta sau uku, ga ta nan da ranta. Zuliha ta juya mata ƙeya har suka iso gaɓa.

Wasan riɗi ya fi ɗura wahala. Ranar farko Hafsatu ta tauna riɗin ta ce a ƙara mata. Rana ta biyu ta manne shi a ganɗa daidai, amma da ta ga yadda uwarta ta buɗe leɓe tana nuna mata, sai dariya ta kama ta, yawu ya zubo mata a riga. Idan ta haɗa haƙora sai ta manta harshe, idan ta tuna harshe sai ta rufe leɓe. Matan maƙwabta suka ji labari suka fara leƙowa ta kan danga don su ga maganin Yelwa. Wata safiya Zuliha tana durƙushe tana ƙirga haɗiya, an kai ta shida da ƙyar, ta ji ƙauri. Kafin ta zaga baya wuta ta kama murhu ɗaya, tarwaɗar kwana biyu ta zama gawayi. Ta tsaya a gaban murhun da ludayin ruwa a hannu, ta ce ita ta gama. Yarinya ta ci ko kada ta ci, wanda ya halicci bakin ya san yadda zai yi da shi. Ta ɗora gwangwanin riɗin a kan katanga ta bar shi nan.

Bayan kwana biyar ta lura gwangwanin ba ya wurin. Ta zaci kaji ne suka ture shi. Da yamma tana wucewa ta ƙofar Inna Fatsuma ta ji ƙyalƙyalar dariya, ta ɗaga asabari kaɗan. Tsohuwa da jika suna zaune a tabarma gwiwa da gwiwa, kowace ta yage leɓe, kowace da riɗi a ganɗa. Gasa suke yi, wadda nata ya fara faɗowa ta sha kaye. Inna, da haƙoranta biyar, ba ta da abin da za ta haɗa, riɗinta yana ta sulluɓewa, Hafsatu kuwa tana haɗiya a hankali da dukan ƙarfinta don kada tsohuwa ta ci ta. Duk haɗiyar da ta yi daidai sai ta ɗaga yatsa. Zuliha ta ƙirga yatsu takwas a tsaye. Ita mako uku tana fama ba ta taɓa wuce shida ba.

Ta saki asabarin ta koma bakin murhunta. Ba ta san ko godiya za ta yi ko kuka ba, sai ta huce a kan itacen da ya ƙi kamawa.

Daga ranar aikin ya koma ɗakin Inna, kuma kafin wata ya ƙare duk unguwa ta ji cewa ita ce ta gano maganin. A bakin rijiya tana gaya wa mata cewa da ma ta faɗa tun farko matsalar a halshe take, ba a saurare ta ba. Maganar ƙaya kuwa ba ta taɓa shiga labarin ba. Zuliha ta kai ƙara wurin mijinta sau ɗaya. Ɗangana ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko yarinyar tana ci. Ta ce tana ci. Ya ce to, ya ɗauki filafilin jirginsa ya fita.

Da suka koma Yelwa bayan wata biyu, sikeli ya nuna Hafsatu ta ƙaru kaɗan. Sista Grace ta ja leɓen ta ce ta haɗiye. Sau biyu harshen ya tsaya a sama, na uku ya leƙo. Ta ce haka ake, idan yarinyar ta tuna tana yi daidai, saura ta yi ba tare da ta tuna ba, kuma wannan yakan ci watanni. Zuliha ta tambaya nawa. Sista ta ce ba ta sani ba.

Ya ci kusan shekara. Ajiya a kunci ce ta fara raguwa, daga kullum ta koma sai ranar da aka yi baƙi ko aka daka mata tsawa. Haƙoran gaba na nono suka faɗi, sababbi suka fito, tagar ta ragu amma ba ta rufe duka ba. Tsamin bakin ya tafi sai ɗan kaɗan da ke fitowa idan tana sauri. Kifi kuwa wata bakwai ana ajiye mata tana ɓarewa tana ture wa kyanwa. Ranar da ta fara ci, Ɗangana ne ya kamo giwan ruwa, aka yanka mata tsoka daga gadon baya inda babu ƙaya. Ta zauna ta mutsuttsuka ta da yatsu har ta koma kamar auduga, ta huce ta yi sanyi, sannan ta ci loma uku. Zuliha tana daga madafa tana gani, ta cije leɓe ta ci gaba da tuƙa tuwo, don an ce kada a kalle ta. Karfasa dai har ta girma ba ta taɓa sa ta a baki ba, kuma ko a gidan biki ita ce ta ƙarshen tashi daga kwano.

A wannan shekarar Zuliha ta sake haihuwa, mace, aka sa mata Ruƙayyatu. Da lokacin yaye ya zo, Inna Fatsuma ta share ɗakinta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta aiko a kawo mata yarinya kamar yadda aka saba. Zuliha ta je da kanta ta durƙusa, ta ce wannan karon tana roƙon a bar ta ta yaye ta a ɗakinta. Tsohuwar ta ce ita da ta raini tara ba za a koya mata riƙon yaro ba, ta juya fuska bango.

Kwana tara ba ta amsa gaisuwar Zuliha sai da ka. Ta gaya wa matan rijiya, ta gaya wa matar liman, ta gaya wa mai kawo itace. Rana ta goma da hantsi ta shigo ɗakin Zuliha, ta tarar da Ruƙayyatu tana kukan nono, Zuliha kuma idanunta sun yi ja don rashin hutu. Inna ta sunkuya ta ɗauki yarinyar ta saɓa a baya, ta ja zani ta ɗaure, ta nufi ƙofa. Zuliha ta miƙe da sauri ta ɗauko kwanon kunun da ta tace sau biyu, ta bi ta da shi har tsakar gida tana cewa ga abin da take sha, shi kaɗai take sha. Inna ta karɓi kwanon ba ta waiwayo ba, ta ce ta ji.